Ko Furen Tulip Zai Yi a Gombe?

Wata Hajiya daga Gombe ta aiko da tambaya. Ɗanta yana karatu a ƙasar Holan, a watan Afrilu ya turo mata hotunan gonakin tulip, ja da fari da ruwan ɗorawa, layi-layi har iya ganin ido, ya kuma ce zai taho mata da irin idan ya tashi zuwa hutu. Tana son ta san ko zai yi a tsakar gidanta, kuma in zai yi, yaya za ta kula da shi.

Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka, ya dawo da shi lafiya. Ba zan ɓoye miki ba: tulip ba zai zauna a ƙasar Gombe ya riƙa fure duk shekara kamar yadda kika gani a hoton ba, haka ma a Bauchi. Amma ana iya lallaɓa shi ya yi fure sau ɗaya, a tukunya, cikin tsakiyar hunturu, idan kina da firjin da ba ya rasa wuta. Bari in fara da dalili, don in kika gane shi, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Asalin tulip tsiron duwatsu ne. Mahaifarsa tsaunukan tsakiyar Asiya, wajajen Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan, ya bazu zuwa Iran da Turkiyya. A can dusar ƙanƙara ce ke rufe ƙasa wata da watanni, sai ta narke a sami 'yan makonni na danshi da sanyi mai daɗi, daga nan rana ta ƙwalle ƙasa ta bushe ƙayau. Tsiron ya tsara rayuwarsa a kan wannan juyi. Ba daga ƙwayar iri ake shuka shi a lambu ba, domin wanda aka shuka da ƙwaya yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya yi furen farko. Abin da ake binnewa wani kai ne mai ɓawo ruwan ƙasa, kamar ƙaramar albasa, shi ya sa zan riƙa ce masa albasar tulip.

Da za ki sami lafiyayya ɗaya a watan Nuwamba ki tsaga ta da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, za ki ga abin mamaki. A tsakiyarta, cikin farin naman, akwai wani ɗan tsiro ɗan mitsitsi, fari-fari mai ɗan rawaya. Ki duba da kyau, ganyen ne a nannaɗe, kuma a cikinsu ga furen nan cikakke, da ɓangarorinsa shida, ya riga ya haɗu tun ana zafi. Wato furen da za a gani a Afrilu tun watan Yuli ko Agustan bara aka ƙera shi. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗaga shi sama, kuma sanyi ne ke ba da wannan izini. Sai albasar ta kwana cikin sanyin da bai wuce digiri 9 a ma'aunin Salshiyas ba, har tsawon mako 12 zuwa 16, sannan garin sitacin da ta tara a jikinta zai narke ya koma sukari, sinadaran da ke miƙar da kara su farka. In ba ta sami wannan ba, ko dai ta fito da ganye kawai, ko furen ya buɗe a can ƙasa tsakanin ganye ba kara, ko ya bushe a ciki tun bai leƙo ba.

Yanzu ki auna da namu. Ranar da muka fi kuka da sanyi a Gombe, a Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, yara na jin wuta da asuba, ma'auni yakan sauka ne wajen digiri 13 zuwa 15, kuma kafin azahar ya haura kusan 30. Sanyin da muke rufa da bargo biyu dominsa, a wurin tulip bai ma fara ƙirguwa ba. Sannan watannin da yake fure a Holan, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu, inda rana ba ta cika wuce digiri 15 ba, su ne daidai lokacin da muke cikin tsananin bazara, ma'auni na taɓa 40. In damina ta sauka kuma, sai matsala ta uku: albasar tana son ta yi barcinta a busasshiyar ƙasa, mu kuwa lokacin ne ƙasa ke jiƙe da ɗumi, sai ta ruɓe. Ko Jos mai tsayin kusan mita 1,200, inda ake noman dankalin Turawa da furen wardi, ko Mambila da ta fi ta tsayi, sanyinsu bai kai ya daɗe yadda tulip ke so ba tare da taimakon firji ba. Amfanin waɗannan wurare shi ne, in an riga an sanyaya albasar, furen ya fi tsayi da daɗewa a can.

To, ga yadda za a yi in kina son ki gwada, kuma ina ganin ya cancanci gwaji, ko don jikoki su gani da idonsu.

Abu na farko lokacin saye, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Manoman Holan suna tone albasar a Yuni da Yuli, su busar, su tace, sabuwa ta shiga kasuwa daga wajen ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. Wadda ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido a Afrilu da Mayu, lokacin da gonaki ke cike da fure kowa na sha'awa, yawanci ragowar bara ce wadda furen cikinta ya riga ya mutu. Ki gaya wa yaron ya saya a Satumba, a shagon kayan lambu na gaske. Ya zaɓi manya, waɗanda aka rubuta 12/+ a jikin fakitinsu, ma'ana kewayensu ya kai santimita 12 ko fiye, masu nauyi da tauri, ba laushi ba fumfuna. Ya nemi jinsin da ke saurin fure, irin rukunin Single Early ko Triumph, domin ba mu da dogon lokacin jira. Kada kuma ya cusa su cikin kaya ya yi shiru. Shigo da tsiro ko iri cikin Najeriya yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi. Dokar nan tana da ma'ana, domin albasar waje na iya ɗauko cutar da za ta shiga gonakin albasa da tafarnuwar mutane.

Da sun iso, sai firji. A sa su cikin jakar takarda ko raga, ban da leda, domin suna numfashi. A ajiye a ɓangaren ƙasa inda ake sa ganye, inda sanyi ke tsakanin digiri 5 da 9. Kada su shiga wurin ƙanƙara, daskarewa kashe su take yi. Sannan ga wani abu da ba kowa ya sani ba: tumatir da ayaba da tuffa da gwaiba da mangwaro, idan suna nuna, suna fitar da wata iska da ake kira etilin, ita kuma tana kashe ɗan furen da ke cikin albasar. Daga waje ba za ki ga alamar komai ba, sai bayan wata uku ki shuka ki ga ganye zalla. Don haka firjin da ake ajiye kayan miya bai dace ba, ƙaramin firjin ruwa da lemo ya fi.

Babban ƙalubalen a wurinmu wuta ce. Awannin da firji ya huce ba sa shiga lissafi, kuma yawan hucewa da sake sanyi yana jawo gumi a jikin albasar, gumi kuma ya kira fumfuna. In gidan akwai sola mai riƙe firji dare da rana, an gama magana. In babu, a cika firjin da gorunan ruwa don su riƙe sanyi, a rage buɗe shi, a kuma ƙara mako biyu a kan lissafi. Randa ko tukunya-cikin-tukunya da ake adana kayan lambu a ciki ba za ta wadatar ba, sanyinta bai sauka inda ake so.

Ki lissafa ta baya. Ana son furen ya buɗe a Janairu, lokacin da dare ya fi sanyi, saboda haka su shiga firji a farkon Satumba ko tsakiyarsa, su fito wajen tsakiyar Disamba. Manoman alkama na rani sun san wannan lissafin, wanda ya makara bai shuka a Nuwamba ko farkon Disamba ba, zafin Maris ne zai cinye masa zangarniya. Shawarar da na fi ba mutane ita ce, saura mako huɗu ko biyar su fito, a dasa su cikin ƙaramar tukunya, a ba su ruwa, a mayar da tukunyar gaba ɗaya cikin firjin. Dalili kuwa, saiwar tulip a ƙasa mai sanyi take fita da kyau, in kika dasa kai tsaye a ƙasarmu mai ɗumi sai kara ya riga saiwa fitowa, furen ya rasa mai shayar da shi. Tukunyar ta zama ta yumɓu mai huji a gindi. Ƙasar kuma rabi yashi mai tsabta, rabi ƙasar lambu mai laushi. Ba a buƙatar taki, abincin furen na cikin albasar, ɗanyen kashin shanu ma ruɓar da ita zai yi. A jera su kusa-kusa ba tare da sun taɓa juna ba, tsinin yana kallon sama, ƙasa ta ɗan rufe kansu. A lambun Turai akan binne su zurfin santimita 15, amma a tukunyar da za ta yi zagaye ɗaya ba sai an kai haka ba.

In kin ga tsiro ya leƙo kamar tsawon ɗan yatsa, fari-fari mai rawaya, sai a fitar. Kwana biyu ko uku a ɗaki mai sanyi da ɗan haske har ya koma kore, daga nan a kai shi inda zai sami hasken safiya kawai. Da hantsi ya ɗaga a janye shi inuwa, gefen arewa na gini ko ƙarƙashin rumfa. A naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhun algarara, iskar hunturu na busar da shi tana sanyaya ƙasar. Da dare a bar shi a waje ya sha sanyi. Ruwan randa za a ba shi, kaɗan-kaɗan, ƙasa ta kasance da danshi ba caɓi ba. Cikin mako uku zuwa huɗu, in Allah ya yarda, za ki ga fure.

Kada ki sa ran irin na hoton. Karan zai fi gajarta, wasu ba za su buɗe ba, kuma wanda a Holan zai yi mako biyu, a nan kwana huɗu ko biyar ne. Amma a cikin kwanakin nan akwai abin kallo. Furen tulip yana jin zafi da sanyi: da asuba za ki same shi a tsuke, da gari ya ɗan ɗumama sai ya buɗe har ki hango baƙin tabo ko rawaya a can gindinsa, da yamma ya sake rufewa. In kika yanke shi kika sa a kofin ruwa, zai ci gaba da tsawo yana karkata wajen taga. Ki yanke shi tun yana tsuke launi ya fara nunawa, ki riƙa kwanar da shi a firji, zai ƙara miki kwanaki.

Bayan ya gama, ki haƙura da albasar. Uwar takan ƙare a wurin fure, 'ya'yan da ta bari kuma suna buƙatar makonni na ganye kore cikin sanyi kafin su yi girman da za su yi fure, mu kuwa Fabrairu na ƙarewa zafi ya shigo. Shi ya sa ma manoman Holan ke bi da inji suna sare kawunan furannin a gona suna tsaka da kyau: albasar suke noma, ba sa son ƙarfin tsiron ya tafi wurin yin iri. Gonakin da yaron ya ɗauka a hoto, bayan 'yan kwanaki kore ne zalla.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Albasar tulip ta yi kama da ta miya, kuma tana da guba. Tana sa amai da ciwon ciki, tana cutar da awaki da kyanwa, masu yawan taɓa ta kuma takan fasa musu fatar yatsu. Gaskiya ne mutanen Holan sun ci ta a yunwar da suka shiga a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, amma wannan cin tilas ne. Ki rubuta a jikin jakar da manyan baƙaƙe, ki kuma sanar da duk mai shiga kicin.

Tunda yaron yana can, ya kamata ya san furen da ake alfahari da shi a Holan baƙo ne. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun riga Turawa renonsa, har yau zanensa na nan a jikin tayil ɗin tsofaffin masallatan Istanbul, kuma shekarun 1718 zuwa 1730, zamanin Sarki Ahmad na Uku, da sunan furen ake kiransu. Wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, shi ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden da ke Holan a 1593. Ba a yi shekara hamsin ba mutane suka haukace a kansa, albasa ɗaya ta jinsin da ake ji da shi ta kai kuɗin gida a Amsterdam, sai kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Waɗanda aka fi tsadantawa masu zane-zane ne kamar harshen wuta, sai a ƙarni na 20 aka gano cewa cutar bairos ce ke kawo zanen, kuma ƙananan ƙwari irin darɓar da ke kama wake ke yaɗa ta. Idan kuma Allah ya nufe ki da ziyartarsa, ki daidaita tafiyar da tsakiyar Afrilu. Lambun Keukenhof da ke garin Lisse, mai faɗin hekta 32, ana dasa albasar furanni kusan miliyan 7 a cikinsa kowace shekara, kuma mako takwas kacal yake buɗe, daga wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Istanbul ma tana bikinsa a Afrilu, musamman a lambun Emirgan.

Amma Hajiya, abin da ya fi damuna a duk lokacin da aka yi mini irin wannan tambaya shi ne, muna da tsirran da ke yin daidai abin da tulip ke yi, su yi barci a ƙarƙashin ƙasa su farka da fure gaba ɗaya, sai dai su fari da ruwan sama ne ke tashinsu, ba ƙanƙara ba. Kuma ba mu ɗauke su a bakin komai ba.

Ki ɗauki albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadamu da ruwan farko. Kara ɗaya na ɗauke da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya, da yamma suna ƙamshi. A Turai ana sayen danginta da tsada ana renonsu a ɗakin gilashi. Ga baurairai mai hawa jikin shinge a damina, furensa ja da rawaya a murɗe ya juya baya kamar wuta na ci, har ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa. Ga takalmin zomo, mai ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya a tsakiya, wanda shi ne furen ƙasar Najeriya da ke ƙasan tambarinmu, amma yara nawa ne a Gombe za su iya nuna shi a daji? A cikin rani kuwa, lokacin da komai ya bushe, ga kariya da furenta ruwan hoda a kan rassa marasa ganye, ga rawaya da ke ɓullowa daga toka bayan an ƙone daji, ga sansami da minjirya.

Wanda ya fi kusa da abin da kike nema a siffa kuwa gurjiya ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu takan zubar da ganye ta cika da furanni ja masu ɗan ruwan lemo. Ki sa a tsinto miki ɗaya daga ƙarƙashin bishiyar ki riƙe a tafin hannu: kofi ne sosai, ɓangarorinsa masu kauri da santsi, cikinsa cike da siraran zare, yana da nauyin da ba ki zata ba. Littattafan tsirrai da kansu suna kwatanta siffarsa da ta tulip. Tana nan a dazukanmu na Bauchi da Gombe, sai dai tana raguwa, domin ana sare ta, ana kuma tsinke furen don miya kafin ya yi iri. Mai fili a bayan gida ya dasa guda ɗaya, ya yi wa unguwa alheri.

Na tukunya kuma, nemi amarilis wurin masu sayar da fulawa, a Jos ba ya wuya. Asalinsa Kudancin Amurka ne, zafi ba ya damunsa. Albasarsa babba ce, a dasa ta a bar kashi ɗaya cikin uku a waje. A ba shi ruwa da ruɓaɓɓen taki duk damina ganye ya yi ƙarfi, a yanke masa ruwa wata biyu zuwa uku a rani, a ajiye tukunyar a inuwa, sannan a dawo da ban ruwa. Cikin mako shida zuwa takwas zai harbo kara mai furanni kamar huɗu, kowanne ya kai faɗin tafin hannu, kuma duk shekara yana 'ya'ya. Akwai kuma wani ɗan uwan kurkur daga Tailan da ake kira tulip ɗin Siyam, mai fure ruwan hoda a damina, ya kwanta da rani. In kuma shimfiɗar launi kike so layi-layi kamar ta hoton, ziniya da marigol daga ƙwayar iri za su ba ki ita cikin wata biyu. Ki ware kowane launi a kunyarsa, ki shuka su da yawa kusa-kusa, domin yawan da rabewar launin su ne sirrin kyan gonakin Holan.

Na dajin, kada a je a tone su gaba ɗaya. A ɗauki 'ya'yan da ke gefen uwar bayan ganye ya bushe, a bar ta a wurinta, a dasa su gab da faɗuwar damina a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, ban da albasar kwaɗi da ke son danshi. Saiwar baurairai tana da saurin karyewa, a kwantar da ita a kwance, kada tsinin ya gutsure don daga nan take tsira. Ita da albasar kwaɗi da amarilis da ruwan jikin kariya duk guba ne, na baurairai ma yana kisa, saboda haka a dasa su inda ƙananan yara da dabbobi ba sa kaiwa, a kuma wanke hannu bayan an taɓa.